Brose, kail, skink, sowans: mene ne bambancin waɗannan tsofaffin kalmomin dafuwa na Sikotland?

Rakiya

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san harshen Scots, wato yaren mutanen kudanci da gabashin Sikotland, ba Gaelic na mutanen tsaunuka ba. A tsofaffin rubuce-rubucensu sunayen abincin da ake dafawa a ruwa sun yi yawa: sodden, brose, bree, broo, kail, skink, sowans, parritch, powsowdie. Ƙananan ƙamus kusan fassara ɗaya suke ba su duka, ko su ce miya ko su ce kunu. Ba na jin mutane za su ajiye kalma tara don abu biyu. Mene ne ainihin bambancinsu a tukunya, kuma daga ina kowace ta fito? Sannan na ga ana cewa yawancinsu daga Faransanci aka aro su, saboda tsohon ƙawancen Sikotland da Faransa. Haka ne?

Malam Ɗanjuma

Wa alaikumus salam, Malama Rakiya. Zarginki daidai ne, ƙananan ƙamus ɗin ne suka cakuɗa su. Abin da zai warware miki yawancinsu shi ne ki bar tambayar me aka zuba, ki koma tambayar me ruwan ya yi. Hatsinsu na yau da kullum shi ne ot, wanda muke gani a gwangwani da sunan Quaker Oats, sai dai su ɓarzajjen garinsa suke amfani da shi. Gari ɗaya, gishiri ɗaya, ruwa ɗaya, amma suna huɗu. In da ruwan sanyi aka kwaɓa, drammock ne. In tafasasshen ruwa aka kwarara a kansa cikin akushi, brose ne. In garin ne ya shiga tukunya ya dahu a kan wuta, parritch ne. In dusarsa aka jiƙa har ta yi tsami, sowans ne.

Bari in fara da sodden, don ita ta fi ruɗa masu karatu. A Turancin yau tana nufin abin da ya jiƙe sharkaf, amma wannan ma'anar sabuwa ce, ta ƙarni na 19. A tsohon Scots kalmar dafawa a ruwa ita ce seith ko seth, abin da aka dafa kuma a ce sodin ko soddin. Tushenta tsohon Turanci ne, sēothan, kuma 'yar'uwarta na nan da rai a Jamusanci, sieden da gesotten. Don haka in kin ga sodden a gaban nama, ko kifi, ko ƙwai a rubutun da ya girmi 1700, dafaffe ake nufi, kishiyar gasasshe. Kalmar boil, wadda su ke furtawa bile, daga tsohon Faransanci ta shigo wajen ƙarni na 13, ta yi ta ture seith har ta kore ta daga madafa.

Shaidu biyu na baƙi suna nuna yadda dafuwa ta mamaye girkinsu. Jean le Bel, wanda ya bi rundunar Ingila a yaƙin 1327, ya ce mayaƙan Sikotland ba sa ɗaukar tukunya: fatar dabbar da suka yanka suke ratayewa bisa wuta da gashinta, su cika ta da ruwa da nama, kowa kuma da 'yar jakar garin ot a bayan sirdinsa. Sai Fynes Moryson, Ba'ingilen da ya ziyarci ƙasar a 1598. A gidan wani babban mutum ya tarar fiye da rabin tebur manyan farantan romo ne, kowanne da ɗan guntun dafaffen nama a ciki, manyan da ke saman tebur kuma aka ba su kaza a romo da busassun 'ya'yan itacen da ake kira prunes.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wancan zamanin, a yawancin ƙasar itace ya yi ƙaranci, abin ƙonawa shi ne peat, baƙar ƙasar fadama da ake yankowa a shanya. Wutarta ba ta da harshe sosai amma tana daɗewa, ta dace da tukunya, ba ta dace da gashi ba. Gidan talaka ba tanda. Nama kuma, in an samu, na gishiri ne: wajen 11 ga Nuwamba, ranar Martinmas, ake yanka saniyar da ba za a iya ciyarwa a hunturu ba, a yi mata gishiri a ganga. Sunanta mart. Naman da ya yi wata uku a gishiri ba ya ciwuwa sai an jiƙa an dafa.

Tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, ana rataye ta da ƙugiya mai suna cruik a jikin sarƙa, daga baya aka samu swee, hannun ƙarfen da ke juyawa ya fito da tukunya daga kan wuta. Ba a rage wuta, tukunyar ake ɗagawa zobe ɗaya ko biyu. Daga nan kalmomin matakan tafasa suka samu gurbi: hotter ita ce ɓararrakar tukunya tana motsi, sotter ita ce dahuwa a hankali mai ɗan ƙara irin na abu mai kauri, leep ita ce rabin dahuwa ko ɗumama madara ba tare da ta tafasa ba, plot kuma tsoma abu a ruwan zafi, kamar kazar da za a fige.

In za ki bi kowace kalma da shekarunta, manyan ƙamus biyu ne. Dictionary of the Older Scottish Tongue ya ɗauko daga farko zuwa 1700, juzu'i 12, an buga daga 1931 zuwa 2002. Scottish National Dictionary ya ɗauka daga 1700, juzu'i 10, an kammala a 1976. Duka biyun suna intanet kyauta. Wannan iyaka ta 1700 tana da amfani ko a girki, domin dankalin turawa bai zama abincin gama-gari a can ba sai cikin ƙarni na 18. Duk abincin da dankali ne ginshiƙinsa, bai kai tsufan da ake yawan ba shi ba.

Inna Asabe

Malam ya shimfiɗa tushe. Ni zan ɗora da yadda ake yin ukun nan na gari, don sai an ga aikin hannu ake gane me ya sa sunayen suka rabu.

Brose ba ya hawa wuta ko kaɗan. A ɗumama akushi, a zuba ɓarzajjen garin ot kamar giram 60, wato cikin hannu biyu, da ɗan gishiri da ɗan curin man shanu. A kwarara ruwan da ke tafasa a lokacin, daidai yadda zai rufe garin. A juya da ƙotar cokali, ba da bakinsa ba, sau biyu ko uku kawai, a rufe da faranti minti biyar, a ci da madara. Ana so ya yi gudaji, su suna ce musu knots: waje ya nuna, ciki da sauran gari. Abu uku ke ɓata shi. In ruwan ya sauka daga tafasa kafin a zuba, garin ba zai kumbura ba, an koma drammock ke nan. In aka cika juyawa, sitacin zai fita ya yi danƙo, gudajin su watse. In aka yi da ot na gwangwani wanda aka turara aka latse, nan take zai sha ruwan ya yi laɓo-laɓo. Kuma abin da ya sa garin da bai dahu sosai ba yake ciwuwa shi ne, tun a injin niƙa ana busar da hatsin a kan zafi kafin a ɓarza. Wannan busarwar ce ke ba shi ƙamshi, ita ce kuma ke hana man da ke cikinsa yin ɗaci a ajiye.

Ruwan da aka zuba shi ke ba brose suna. Da romon ganye, kail brose. Da ruwan da aka dafa neep, wata saiwa mai ɗan zaƙi, neep brose. Da madara, milk brose. Da kitsen saman romon naman sa, beef brose, wanda a da a arewa maso gabas ake ci ranar Talatar da ke gaban azumin Kirista. Pease brose kuma da garin gasasshen busasshen waken turawa ake yi, shi ba a son gudaji a cikinsa, sai an dama ya yi sumul. Atholl brose ya fita daban, abin sha ne na ruwan ot da zuma da giyar wiski, kada sunan ya ruɗe ki.

Parritch shi ne mai hawa wuta. Ruwa kamar mililita 300 ga gari giram 40 zuwa 50 na mutum ɗaya. Sai ruwan ya tafasa, a riƙa barbaɗa garin da hannun hagu ana juyawa da dama da spurtle, wata siririyar muciya marar faɗi, a wasu yankunan theevil. Amfanin siririn sanda shi ne yana fasa gudaji ba tare da ya dame garin ya yi yauƙi ba. A ɗaga tukunya daga zafi, a bar shi minti 20 zuwa 30. Tsofaffin masu girki ba sa sa gishiri sai ya yi minti goma, suna cewa gishirin farko yana hana garin kumbura. Ba a zuba madara a kai. Kowa da ƙaramin kwanon madara mai sanyi a gefe, ya ɗebo da cokalin ƙaho ya tsoma. Brochan, kalmar Gaelic, a bakin masu Scots ta fi nufin mai ruwa-ruwa da ake ba mara lafiya.

Sowans ne ya fi aiki, kuma duk wadda ta taɓa yin gasarar koko za ta gane shi da kallo ɗaya, bambancin kawai su da dusa suke yi, ba da tsabar hatsi ba. A da, in manomi ya kai ot niƙa, ana mayar masa da garinsa da kuma sids, ɓawon ciki wanda sauran gari ke maƙale a jiki. A zuba sids a ƙaramar gangar katako mai suna sowan bowie, a zuba ruwa mai ɗumi ninki biyu na yawansa, a danna har duka ya jiƙa. A ajiye a wuri mai ɗumi. Da zafi kwana uku zuwa huɗu sun isa, da sanyi yakan haura mako. In ya yi tsami a tace da rariya, a matse dusar sosai, a ƙara ɗan ruwan sanyi a sake matsewa, a zubar da ita. Ruwan da aka tace a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya kwanta. Farin da ya zauna a ƙasa shi ne sowans, ruwan saman mai tsami shi ne swats, ana shansa haka. Wajen dafawa, awo ɗaya na farin, awo biyu na ruwa ko na swats in ana son tsami sosai, da gishiri, a yi ta juyawa kamar minti goma har ya yi kauri yana sheƙi.

Matsalolinsa: in dusa ta taso sama ta bushe, fumfuna za ta kama ta, don haka kullum a danna ta ƙasa. In ruwan jiƙon ya yi zafi da yawa, zai dafa sitacin tun a ganga, ba zai taɓa kwanciya ba. In aka daina juyawa a wuta, sitacin zai zauna a gindin tukunya ya ƙone yayin da sama ke ruwa. Sunan daga Gaelic ne, sùghan, daga sùgh, wato ruwan da ake matsowa daga abu. A da masaƙa ma suna shafa shi a zaren tsaye don ya yi ƙarfi.

Nafi'u

Ƙari biyu a kan na Inna. Na farko nahawu ne: parritch, brose, broth, kail da sowans duka jam'i ake ɗaukarsu a Scots. Ana ce musu "su", ba "shi" ba. In kin ga they ko thae a jimlar da ke maganar kwano ɗaya na abinci, ba kuskuren bugu ba ne. Haka a few broth na nufin ɗan romo kaɗan.

Na biyu, brose ya yi ƙarfi a bakin mutane ne saboda tsarin ƙwadago. A manyan gonakin gabas a ƙarni na 19, samarin da ke huɗa da dawakai suna kwana a ɗakin da ake kira bothy, kuma wani ɓangare na ladansu gari ne da madara: peck biyu na gari a mako, kusan kilo 8, da madarar kowace rana. Ba mai yi musu girki, kuma da asuba suke fita wajen dawakai. Abincin da buta da akushi kawai yake buƙata shi ne ya dace da su. Kowa da caup ɗinsa, akushin katako, da cokalinsa. Shi ya sa brose ta faɗaɗa ta koma nufin abinci gaba ɗaya, har da abin da mutum ke samu na rufin asiri.

Rakiya

Na gode ƙwarai, ɓangaren gari ya fito fili. Saura na romo. Kail dai na san ganye ne, to me ya sa nake ganinta a inda ba maganar ganye ake ba? Kuma skink, wani wuri an ce naman sa ne, wani wuri an ce kifi.

Abdulƙadir

'Yar'uwa, kail hawa uku ta yi. Asalinta ganyen ne, dangin kabeji wanda ba ya naɗe kai, mai jure sanyi, har ma ya fi daɗi in ƙanƙara ta taɓa shi. Tushen kalmar Latin ne, caulis, wato kara, kuma kail siffar arewa ce, ta yi daidai da kál ta tsohon harshen mutanen Nowe. Da yake shi ne kusan ganye ɗaya tilo da ke tsaye a bayan gida cikin hunturu, lambun ma kailyard ake ce masa ko me aka shuka. Hawa na biyu, romon da aka dafa shi a ciki ya zama kail. Hawa na uku, kowane romo ya zama kail ko babu ganyen, daga nan abincin rana kansa: kail-time lokacin cin abinci, kail-bell ƙararrawar kiran abinci, kail-pat tukunyar gida. Suna da karin magana, cauld kail het again, romon jiya da aka ɗumama, ana faɗarta ga huɗuba ko zancen da aka maimaita.

Sunayen da ke gaban kail da broth suna gaya miki halin gidan. Water kail da muslin kail ba nama, ruwa ne da sha'ir da ganye. Barefit broth, romo marar takalmi, shi ma haka, sai ɗan man shanu ko kitse. A tsaunuka, inda ba a cika shuka kail ba, ganyen nettle mai ƙaiƙayi ake tsinka da bazara a yi nettle kail.

Broth tsohuwar kalmar Turanci ce, dangin brew. Abin da ya raba ta Sikotland da ta Ingila shi ne kauri: a can ba tsararon ruwa ba ne, sha'ir ne ke riƙe da shi. Sha'ir ɗinsu na da shi ne bere, wanda har yanzu ake nomawa a tsibiran Orkney. A da ana surfa shi da ɗan ruwa a turmin dutse, knockin stane, abin da ya fito knockit bere. Injin surfen sha'ir na farko an kafa shi a Saltoun, bayan an tura James Meikle ƙasar Holan a 1710 ya koyo aikin.

Yadda ake yi: wuyan rago ko ƙirji kamar kilo ɗaya, ruwan sanyi lita biyu da rabi, sha'ir giram 60, busasshen wake giram 60 da aka jiƙa tun dare. Da ruwan sanyi ake farawa don ɗanɗanon naman ya fito cikin ruwa. In ya fara tafasa a kwashe kumfa kafin ta nutse, in ta nutse romon zai yi duhu. Bayan awa ɗaya a sa karas, neep, albasa da leek, dangin albasa mai dogon wuya. Kail ɗin kansa sai minti 15 na ƙarshe, in ya daɗe zai yi wari ya koma ruwan toka. Duka awa biyu da rabi zuwa uku. Ana tsame naman a ci daban, shi ne sodden ɗin da Malam ya ambata. Sha'ir yana ci gaba da shan ruwa bayan an sauke, ga shi yana saurin tsami in tukunya ta kwana da ɗumi, don haka a huce ta da wuri.

Bree da broo ba abinci ba ne da farko, ruwan da aka dafa wani abu a ciki ne. Tattie bree ruwan dankali, snaw bree narkakkiyar ƙanƙara a hanya, barley bree kuma giya. Daga baya ta zama sunan miya biyu: partan bree ta ƙaguwa da shinkafa da madara, partan ɗin daga Gaelic, da bawd bree ta zomon daji wadda ake kaurara ta da jininsa.

Skink kuma duka biyun da kika gani daidai ne, zamani ne ya bambanta. Kalmar daga harsunan Holan da arewacin Jamus ta zo, ƙasashen da garuruwan gabar gabas suka daɗe suna ciniki da su, kuma dangin Schinken da Schenkel ce na Jamusanci. Ma'anarta ƙwaurin saniya. Romon da aka yi da ƙwauri, wanda ake dafawa awa huɗu ko fiye har jijiyar ta narke ruwan ya yi danƙo, ya ɗauki sunan. Da skink ta koma nufin romo kawai, masunta a garin Cullen da ke gabar Moray suka sa wa nasu na kifi. Cullen skink kifin haddock ne da aka yi wa hayaƙi, da albasa, dankali da madara. Hayaƙin mai sanyi ne, bai dafa kifin ba. A sulala kifi giram 450 a ruwa ko madara minti biyar zuwa takwas, a tsame, a cire fata da ƙaya, a mayar da ƙayar cikin ruwan ta ƙara dahuwa, a tace, a kaurara da dakakken dankali, a mayar da tsokar a ƙarshe. In madarar ta tafasa da kifi mai gishiri a ciki za ta tsinke, kuma kada a sa gishiri sai an ɗanɗana. Akwai wata skink daban mai nufin zuba abin sha, dangin schenken. Ita ce ke cikin skinking, abinci mai ruwa tsululu. Ma'anarsu ba ɗaya ba ce, kada a haɗa.

Powsowdie romon kan rago ne. Pow kai ne. A da ana kai kan da ƙafafun maƙera a babbake su da jan ƙarfe, a kankare, a jiƙa dare ɗaya, a raba kan biyu, a dafa awa uku zuwa huɗu da sha'ir da wake. A da abincin Lahadi ne a gidaje da yawa, don ana iya barinsa a wuta a tafi coci.

Malam Ɗanjuma

Saura tambayar Faransanci. An yi ƙari a maganar. Ƙawancen gaskiya ne, an ƙulla shi a 1295, ya kai har 1560, kuma akwai kalmomin madafa da Scots ta riƙe daga Faransanci waɗanda suka zama nata: ashet, babban farantin nama, daga assiette, da gigot, cinyar rago, wadda su dafa ta suke yi. Amma ki duba kalmomin da aka kawo. Seith da broth na gida ne. Kail ta arewa ce. Skink ta 'yan kasuwar Holan ce. Sowans, brochan, partan da mart na Gaelic ne. Leep ana danganta ta da tsohon harshen Nowe.

Waɗanda ke da jinin Faransanci, yawancinsu ta hanyar da Turancin Ingila ya samu nasa suka zo, bayan zuwan Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, ba ta ƙawancen ba. Parritch lanƙwasar pottage ce, daga potage, abin da ke cikin tukunya, shi ya sa a rubutun ƙarni na 16 porridge, wato parritch a Turancin Ingila, na nufin romon ganye da nama, kuma da ita Moryson ya kira farantan romon nan. Ma'anar kunun ot ta zo daga baya. Hotch potch, romon rani na naman ɗan rago da sabbin kayan lambu, daga hochepot. Brose ba ta bayyana da wannan siffar ba sai ƙarni na 17, kuma an fi danganta ta da browis ko brewis, burodin da aka jiƙa da romo mai kitse, wadda ita ma tsohon Faransanci ce. A ganina wannan dangantakar ta zauna, domin aikin ɗaya ne: a zuba romo mai zafi a kan busasshen abu cikin kwano.

Cock-a-leekie, romon tsohon zakara da leek, sunansa na ƙarni na 18 ne ko da yake kazar da Moryson ya gani ta nuna girkin ya girmi sunan. Haggis kuwa an fara ganinsa a rubuce a Ingila wajen 1430, kafin ya bayyana a waƙar William Dunbar, mawaƙin Sikotland, a farkon ƙarni na 16.

Inna Asabe

Tun da an ambaci haggis, a ƙara rukuni na ƙarshe, abin da ake dafawa a ƙunshe, ruwa na kewaye da shi amma ba ya shiga.

Haggis dafuwa biyu ne. Da farko a dafa pluck, wato zuciya da hanta da huhun rago a haɗe, kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a bar maƙogwaron yana rataye a bakin tukunya bisa wani kwano don dattin huhu ya fita ta nan. A niƙa zuciya da huhu, a goge rabin hantar, in aka sa duka zai yi ɗaci. A haɗa da gasasshen garin ot kamar giram 225, kitsen ƙoda kwatankwacin haka, albasa, gishiri, barkono mai yawa, a jiƙa da bree ɗin dafuwar farko. A ɗura a wankakken tumbi ya ɗan wuce rabi kawai, don garin zai kumbura. A fitar da iska, a ɗinke, a sa faranti a gindin tukunya kada fatar ta taɓa ƙarfe, a dafa awa uku a hankali. Da ya fara kumbura a soke shi da allura. Fashewa daga abu uku take zuwa: cika ɗuri, rashin sokewa, ko ruwa mai zaɓaɓɓaka.

Clootie dumpling kuma a ƙyalle ake dafa shi, cloot shi ne ƙyalle. Fulawa ce da kitse da busassun 'ya'yan inabi da kayan ƙamshi. A tsoma ƙyallen a tafasasshen ruwa, wato a yi masa plot, a matse, a barbaɗa fulawa a ko'ina tun yana da zafi. Wannan fulawar ce ke zama fatar da ke tare ruwa, in an tsallake wani wuri ta nan zai jiƙe. A ɗaure da ɗan sarari a sama, a sa a ruwan da ya riga ya tafasa, awa uku da rabi zuwa huɗu. In ruwa ya ragu a ƙara da tafasasshe daga buta, ruwan sanyi yana tsayar da dahuwa ya sa cikin ya yi nauyi. In an sauke a tsoma shi sau ɗaya a ruwan sanyi don ƙyallen ya saki, a kwance a kan ashet, a ajiye gaban wuta minti 15 zuwa 20 har fatar ta bushe ta yi duhu.